Karen Farauta: Illar Barbarar Dangi da Yadda Za Ka Kare Irinka

Ɗan'uwa mafarauci, da kai makiyayi mai ajiye kare don tsaron garke, wannan takarda taku ce. Sarwishin kiwo ya saba yi muku magana a kan shanu da awaki da kaji. Kare kuwa ba a cika tunawa da shi ba sai lokacin allurar ciwon hauka. Amma karen farauta dukiya ne, mai shi ya san haka, kuma malamai sun bayyana halaccin ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Duk abin da ya zama dukiya, irinsa na iya gyaruwa, yana kuma iya lalacewa a hannun mai shi.

Karen da muke magana a kansa shi ne siririn nan mai dogayen ƙafafu, mai faɗin ƙirji da ɗamammen ciki, wanda ke farauta da ido da gudu, ba da sansana ƙasa ba. Shi ne ke kamo zomo a fili. Ana samunsa a nan ƙasar Ɗan Issa da sauran garuruwan Madarunfa, har ƙetaren iyaka wajen Jibiya.

Ƙorafin da ake yawan ji

Mu ɗauka kana da kare namiji wanda ba a taɓa tsere masa ba, mu kira shi Guguwa. Kowa a unguwa ya kawo karyarsa wurinsa, don an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƴaƴan farko suka fito da kyau. Ka ajiye mace ɗaya a cikinsu, da ta girma ka sake haɗa ta da Guguwa, wato ubanta, don kada jinin ya gauraya. Maƙwabcinka shi ma ya haɗa tasa da wani ɗan Guguwa. Bayan shekara 6 ko 7, duk karen da ke garin jikan Guguwa ne ta wajen uwa da ta wajen uba.

Daga nan sai a fara jin magana: karya ta haifi 3 maimakon 6, biyu sun mutu tun ba su buɗe ido ba. Wanda ya rayu ba shi da ƙashi, ciwo kaɗan ya kwantar da shi. Wani yana cikin gudu ya faɗi yana shure-shure. Sai a ce ai irin ya ƙare, ko a ce baki ne, ko sammu. To, sau da yawa ba ko ɗaya. Abin da ya faru shi ne jinin ya yi ta juyawa wuri ɗaya, kamar ruwan kududdufin da ba shi da mashiga.

Yadda gado yake aiki

A cikin kowace ƙwayar halittar jikin kare akwai wasu zarurruka 78 masu ɗauke da gado. Guda 39 daga uwa suke, 39 daga uba. A kan zarurrukan nan akwai dubban ƙwayoyin gado, kowace da aikinta: wata launin gashi, wata tsawon ƙafa, wata ƙarfin zuciya, wata garkuwar jiki. Abin lura shi ne kowace ƙwayar gado biyu-biyu take, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba.

Babu dabbar da ba ta ɗauke da wasu ƙwayoyin gado masu aibi, har shi Guguwa. Amma yawancinsu a ɓoye suke. In ta wajen uba tana da aibi, ta wajen uwa kuma lafiyayya ce, lafiyayyar takan rufe wa mai aibin asiri, kare ya yi rayuwarsa ba wanda ya san komi. Ciwon ba ya fitowa fili sai mai aibi ta haɗu da mai aibi irinta.

Kun san wannan a wajen mutane. Ba muna haɗa ɗan Adam da dabba ba ne, tsarin halittar ne ɗaya. Ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila, haka yake tafiya. Miji lafiya lau, mata lafiya lau, amma kowannensu na ɗauke da rabin abin a ɓoye. A kowane ciki, damar a haifi mai ciwon 1 ce cikin 4, damar a haifi mai ɗauke da shi a ɓoye 2 ce cikin 4, damar a haifi wanda ya kuɓuta sarai 1 ce cikin 4. Wannan lissafi wani Bature mai suna Mendel ya fara bayyana shi a 1865, da gwajin da ya yi a kan wani irin wake.

Yanzu ka tambayi kanka: wane ne ya fi kusa da ɗaukar irin aibin da Guguwa ke ɓoye da shi? Ai ɗiyarsa ce, tunda rabin gadonta daga gare shi ya fito. Kare bare daga wani gari shi ma yana da nasa aibin, amma da wuya ya zo daidai da na karyarka. Nasa ya rufe nata, nata ya rufe nasa.

Masana sun auna abin da lissafi. In ka haɗa uba da ɗiyarsa, ko uwa da ɗanta, ko wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, kashi 25 cikin 100 na gadon ƴaƴan zai zamo iri ɗaya ne ta ɓangarorin biyu. In uba ɗaya kawai suka haɗa, kashi 12 da rabi ne. In ƴaƴan wa da ƙane ne, kashi 6 da ɗan ɗoriya. Kuma abin tarawa yake yi. Wa da ƙanwa a karo na farko kashi 25, ƴaƴansu in aka sake haɗa su kashi 37 da rabi, jikoki kashi 50. Ba sai wani ciwo mai suna ya bayyana ba kafin ka yi asara. Haihuwa na raguwa, mutuwar ƙwiƙwiyo na ƙaruwa, girma na ja baya, garkuwar jiki na yin rauni.

Ga kuma wani lissafin da ya kamata kowane gari ya riƙe. Yawan mata ba ya maye gurbin ƙarancin maza. Karya 20 da namiji 1, a wajen gado daidai suke da dabbobi 4 kacal, kuma kusancin jini na ƙaruwa da kimanin kashi 13 a kowane zubi. Karya 20 ɗin nan da maza 5 waɗanda ba dangin juna ba, daidai suke da dabbobi 16, ƙaruwar kuma ba ta wuce kashi 3 da ɗan abu. Ka ga ke nan shahararren namiji guda ɗaya shi ne babban haɗari.

Abin da ya sami karen Azawak a Turai

Ba sai mun yi ta zato ba, an riga an gwada wannan a kan karen ƙasarmu. A arewa da Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan da Tasara har zuwa Menaka a Mali, akwai kwarin Azawak. Sanuwar Azawak da ake kiwo a tashar Tukunus daga nan ta samo sunanta, haka ma karen Abzinawa, wanda su suke kira oska. Ɗan'uwan namu ne a siffa, sai dai ya fi tsawo: namiji santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyi kilo 20 zuwa 25, mace santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai. Wani jami'in jakadancin Yugoslabiya ya tafi da wasu gida, Faransawa da suka yi aiki a ƙasashen Sahel su ma suka tafi da wasu. Ƴan ƙalilan ne. Daga waɗannan ƴan tsirarun aka yi ta hayayyafa. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya ta amince da shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, a Amurka kuma babbar ƙungiyarsu ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019.

Su Turawa suna da littafin asali. Karen da ba a rubuta iyayensa a ciki ba, da wuya a yarda a haɗa shi da na ciki. Bayan wannan kuma, ƙa'idar da aka rubuta a Turai ta taƙaita launi: daga ruwan yashi zuwa ja, da ɗan fari a ƙafafu da ƙirji da bakin wutsiya. Alhali a can daji wurin masu shi ana ganin launuka fiye da haka. Iri ya zo kaɗan, sannan aka sake tace shi da rariyar launi. Sakamakon bai ɓuya ba. Masu kiwonsa a Turai da Amurka suna fama da farfaɗiya a wasu zuri'o'i, da raunin wata halitta ta maƙogwaro mai daidaita ƙarfin jiki, da cututtukan da garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi jikin kanta. Maganin da suka samo shi ne komowa nan. Tun shekarun 1990 masu kiwo ke zuwa Mali da Burkina Faso da Nijar suna neman ƙwiƙwiyo a rugage da zangon Abzinawa, don su kai sabon jini.

Irin haka ta faru da wani ƙaramin karen farauta na ƙasar Kwango da ake kira basenji. An kai ƴan kaɗan Ingila a shekarun 1930, daga baya ciwon ƙoda na gado ya yaɗu a zuri'arsu. Masu kiwo daga Amurka suka je Zayar a 1987 da 1988 suka ɗauko wasu, a 1990 aka buɗe littafin asali aka shigar da 14.

Wani bincike da aka yi a jami'ar Kalifoniya, aka buga a 2021, ya auna jinsin karnuka 227 masu rajista. An tarar a tsaka-tsaki kusancin jininsu ya kai kusan kashi 25 cikin 100. Wato kamar a ce dukansu ƴaƴan wa da ƙanwa ne. Karnukan ƙauyukan Afirka kuwa, da aka auna nasu a wani binciken na 2009 a Masar da Yuganda da Namibiya, an same su da yalwar gado. Abin da wasu ke renawa suna cewa karen gida ne ba shi da asali, shi ne wasu ke hawa jirgi su zo nema.

Maganar launi ta tuna mana da jar akuyar Maradi, wadda aka kafa wa cibiya a Maradi tun 1963. Darajar fatarta gaskiya ce. Amma da aka gwada ja da baƙa na wannan yanki a wani bincike na 2002, ba a ga wani babban bambanci ba a girma da haihuwa. Launi alama ce, ba shi ne lafiya ba.

Me ya sa muke maganar yanzu

A da, jinin karnukanmu na gauraya ba da wani shiri ba. Farautar gayya takan tara garuruwa da yawa bayan an kawar da amfanin gona, a ga kare mai kyau, a roƙi ɗansa. Fulani da Abzinawa na gangarowa kudu da rani da karnukansu. Fatake na kai da kawowa tsakanin Maradi da Katsina. Karya kuma ba a ɗaure ta.

Waɗannan hanyoyi sun ƙuntata. Gonaki sun cinye yawancin fili, dajin Baban Rafi ba kamar da ba. Matsalar ɓarayin shanu da masu satar mutane a bakin iyaka ta sa mutane da yawa ba sa nisa a daji. An rufe iyakar Nijeriya daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufe ta a 2023 har cikin 2024. Masu ajiye karen farauta na gaske sun ragu, kuma wanda ke da mai kyau yakan tsare shi. Gari guda da mafarauta 4 ko 5, dukansu daga gida ɗaya suka samo iri: wannan shi ne littafin asalin Turawa, sai dai ba a rubuce ba.

Alamun da za ka duba

Kada ka ɗora wa gado kowane ciwo. Yunwa, tsutsar ciki, kaska, da cututtukan da ake ɗauka sun fi kashe ƙwiƙwiyo a ƙasarmu nesa ba kusa ba. Gudawa mai jini da amai da ke share ƴaƴa cikin kwana 2 ko 3 ciwo ne mai yaɗuwa, akwai allurarsa. Haka ma wanda ke zuwa da majina da kwantsa da tari, daga baya jiki ya riƙa karkarwa. Karyar da ba ta samun komi sai dusa da ruwa ba za ta haifi ƴaƴa masu ƙwari ba, ko da ubansu daga Agadas aka kawo shi. Fara gyara ci da magani tukuna.

Abin da ke nuna gado shi ne maimaituwa a gida ɗaya, alhali na maƙwabta da ke cin abinci iri ɗaya lafiyarsu lau. Ka lura da haɓar da ba ta haɗuwa daidai, ta ƙasa ta zarce ko ta gaza. Ka lura da cibiya mai kumburi. Ka buɗe bakin jariri: in dasashin sama a tsage yake, nono zai riƙa fitowa ta hanci. Namiji kuwa ka taɓa marainansa. Ya kamata duka biyun su sauko tun yana wata 2. In ya kai wata 6 ɗaya bai sauko ba, kada a yi iri da shi, ko da ya fi iska gudu. Sai ƙazuwar da ke cin jiki duka tun yana ƙarami, ta ƙi jin magani, ga ta kuma a jikin ƴan'uwansa.

Farfaɗiya tana bukatar a tsaya a kanta. Ta gado takan fara tsakanin wata 6 da shekara 6. Kare ya faɗi, ya sandare, ya yi shure-shure da kumfa a baki na minti 1 ko 2, sannan ya tashi a gajiye, bayan ɗan lokaci ya koma kamar ba shi ba. Sai bayan makonni ko watanni ta sake dawowa. Amma ka yi hattara ƙwarai. Guba, musamman maganin ƙwarin gona da na ɓera, na kawo irin wannan faɗuwa. Ciwon hauka ma haka. Kada ka sa hannu a bakin karen da ke cikin wannan hali, kada ka bar yara kusa. Ka tsare shi wuri guda ka kira ma'aikacin kiwo. Shi zai bambance maka.

Wahalar farfaɗiya ita ce takan bayyana bayan kare ya riga ya haifu. Don haka kada ka yi gaggawar yin iri da matashin namiji. Bari ya kai shekara 2 ko 3, ka ga gudunsa, ka ga lafiyarsa. In ta bayyana, a daina iri da shi, a daina kuma maimaita haɗin iyayen da suka haife shi.

Abin da za ka yi

Dokar farko mai sauƙi ce: uba da ɗiya, uwa da ɗa, wa da ƙanwa, ko da uba kawai suka haɗa, a bari. Kafin ka kai karyarka wurin namiji, ka tambayi uwarsa da ubansa da kakanninsa, kamar yadda kake bincike in za ka sayi bijimi. In kun haɗa kaka, nemi wani.

Karya na ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka. Irin na daji sau da yawa sau ɗaya take neman namiji a shekara, wasu sau biyu. In lokacin ya zo, kwanakin sun kai mako 3, kuma in ɗanta ko wanta na gidan, shi zai riga kowa. Ka raba su tun ranar da ka ga alama. Kada kuma a haɗa ta a karon farko, jikinta bai gama ginuwa ba.

Namiji kada ya wuce shekara 2 ko 3 yana barbara a gari ɗaya, don a lokacin ƴaƴansa mata sun isa. A nan ne sarkin dawa da shugabannin mafarauta ke da aiki. Ku yi musaya: Ɗan Issa ta ba Gabi, Gabi ta ba Safo ko Sarkin Yamma, Jiratawa ta karɓo daga wajen Tasawa ko Dakoro. Ba sai an sayar ba, aro ma ya isa, ko musayar ƙwiƙwiyo. In makiyaya sun sauka kusa da ku da rani, ku duba karnukansu. Masu kiwon akuya sun san wannan, tunda ana yi musu nasiha su riƙa canja bunsuru.

Wani zai ce, in na kawo bare gudun zai ragu. Amsa ita ce ka zaɓi baren da ka ga aikinsa da idonka. Gudu ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo shi ba, taron abubuwa ne: huhu, zuciya, ƙashi, jijiya, da horo. Mai gudu daga wani gari in ya haɗu da mai gudu taka, ƴaƴan sukan fi iyayen ƙwari. Abin da ba mu ba da shawara ba shi ne haɗawa da manyan karnukan Turai masu gashi da ake gani a gidajen birni. Ba su jure zafinmu, ba su da gudun fili, wasunsu kuma na ɗauke da ciwon ƙugu na gado.

In an haihu, kada launi ko farin goshi ya zama ma'auninka. Kuma kada dukan gari su ajiye ƴaƴan karya ɗaya su watsar da na sauran. Gara a ɗauki ɗaya ko biyu daga kowace uwa mai kyau. Namijin da ke da aibi ba sai an kashe shi ba. A dandaƙe shi, zai yi tsaron gida da garke yadda ya kamata.

Ka sami ɗan littafi, ko ka sa yaronka ɗan lakkwal ya rubuta maka, da boko ko da ajami: sunan karya, sunan namiji da garinsu, watan haihuwa, nawa aka haifa, nawa suka kai yaye, da duk aibin da aka gani. Layi ɗaya ne a shekara. Bayan shekara 5 littafin zai gaya maka abin da ƙwaƙwalwa ta manta.

Mu tuna kuma cewa farauta na da doka a Nijar, wadda aka kafa a 1998, kuma akwai namun dajin da aka hana taɓawa. Ma'aikatan gandun daji za su yi maka bayanin lokaci da izini.

Kafin sabon kare ya shiga gida

Sabon jini na iya zuwa da sabon ciwo. Duk karen da ka karɓo daga wani gari, ka ware shi mako 2, kada ya ci a kwano ɗaya da naka. Ka cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsa, ka tambaya ko an yi masa allurar ciwon hauka. In ba a yi ba, ka kai shi sarwishin kiwo na Ɗan Issa ko na Madarunfa. Ana fara allurar tun ƙwiƙwiyo na wata 3, a kuma riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya faɗa. Karen da aka tsinta yana yawo ba a san mai shi ba, kome kyansa, kada ka kawo shi gida.

In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira. Shi kuma karen a ɗaure shi a sa masa ido aƙalla kwana 10, a sanar da ma'aikacin kiwo. In za ka zo sarwishi, taho da littafin nan naka, mu duba tare wane namiji ya dace da karyarka a bana.